Gwaggo Ba Ta Aiki

Ni na buga ta da hannuna, don haka ba ni da bakin zagin kowa. Gida na ɗari da goma sha biyu, layi na bakwai: mace, shekara hamsin da takwas, 'yar'uwar maigida, sana'a babu. Na buga na wuce, sai da na yi gida uku a gaba sannan ƙwaƙwalwata ta taɓa ni ta ce, ke baiwar Allah, gida na ɗari da goma sha biyu ai maƙwabtanku ne. Na koma na sake karantawa. Gwaggo ce. Matar da tun ina 'yar makaranta ban taɓa ganin ta zaune da rana ba, ita ce aka ce ba ta da abin yi.

Aikina a ofishin tsare-tsare na hukumar garinmu bai wuce wannan ba, a kawo mini fom in zuba shi a kwamfuta. A shekarar nan hukuma ta tashi da niyyar arziki. Aka ce an gaji da gina abu inda ba a bukatarsa, irin kasuwar nan ta bayan gari da har yau ba mai kwana a cikinta sai awaki. Za a bi gida-gida a ƙirga mutane, a san shekarunsu, a san sana'ar kowa, sannan a duba sana'ar da ta fi ƙarfi a kowace unguwa a gina wa masu ita rumfuna, da famfo da wuta da manyan tagogi, kowa a ba shi tasa da sunansa. Tsarin ba laifi. Wanda ya zauna ya yi shi mai hankali ne. Abu ɗaya ya manta, cewa mai ƙidaya a ƙofar gida yake tsayawa, kuma mai fitowa ƙofar gida ba shi ne mai aikin bayan gida ba.

Maigidan ƙanin Gwaggo ne. Unguwa na kiran sa Manaja, sunan da shi ya raɗa wa kansa har ya buga a kati. Ranar da mijinta ya rasu ta dawo gidansa da akwati ɗaya da sana'ar sabulu a hannunta, ya ba ta ɗakin da ke kusa da makwarara, ya ba ta lungun bayan gida, ya ce ta riƙa ɗan motsa jiki. Shekara goma sha tara ke nan tana motsa jikin. Ita ke jiƙa soda, ita ke tace mai, ita ke tuƙa duro da muciya mai tsawon mutum, ta juye a akwatunan katako, ta yanka sanda-sanda da waya, ta shanya, ta naɗe. Shi kuma ya zo da hatimi ya buga sunansa a kan kowace sanda. Kada a ce na zalunce shi, hatimin da kansa yake bugawa, wani lokaci har zufa yake yi.

Mai ƙidayar da ya bi layinmu abokin aikina ne, kuma a kan yawan fom ake sallamar sa, saboda haka ko an ba shi kujera ba ya zama. Shi ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce Manaja ya fito yana harare-harare, ya fara tambaya ko maganar haraji ce. Da ya ji rumfa za a raba, sai ya koma ciki ya sako babbar riga ya dawo, ya ce a rubuta shi mai masana'antar sabulu. Aka tambaye shi yawan ma'aikatansa. Da yake ya san bayan tambayar ma'aikaci tambayar albashi ke zuwa, sai ya ce shi kaɗai ne sai Allah. Da aka zo layi na bakwai ya sassauta murya irin ta masu neman lada.

"Yayata ce, muna riƙe da ita. Ba ta komai, Allah dai ya ba mu ladan zumunci."

A daidai lokacin tiririn soda ya taso daga bayan gida ya shaƙe mai ƙidaya, ga kuma ƙarar muciya tana dukan gindin duro. Ya tambayi abin da ake yi a ciki. Manaja ya ce 'yan dabarun mata ne, don kada zaman banza ya yi musu yawa. Mai ƙidaya ya yi tari, ya rubuta babu, ya wuce gida na ɗari da goma sha uku.

Na ɗauki fom ɗin na shiga wurin Darakta na ce ranka ya daɗe, wannan layin ƙarya ne, na san matar. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in kowa zai gyara layin maƙwabcinsa ai ba ƙidaya aka yi ba, gulma aka tara. Abin da maigida ya faɗa shi ne amsar gida. Ni ba aikina ba ne in san mutane, aikina in buga su. Na fito raina a ɓace, na bar layin yadda yake. Albashina nake karewa, ba zan yi muku ƙarya ba.

Da aka haɗa lissafin farko, sai ya nuna unguwarmu ta sabulu ce. Aka sanar cewa za a gina rumfuna ashirin, kuma kafin a raba za a turo masu dubawa gida-gida, wanda aka tarar da kaya masu yawa shi za a ba rumfar gaba, ta bakin titi. Daga ranar Manaja ya daina barcin rana. Duro ɗaya ya zama biyu. Ya sayo soda buhu-buhu, ya sayo kwali, ya sa aka sassaƙa masa sabon hatimi mai zanen tauraro. Abin da bai saya ba shi ne safar hannu, don ya ce tsofaffin hannu ba sa son roba, tana sa su ƙaiƙayi.

Katangarmu gajera ce, in na hau turmi ina ganin lungun. Gwaggo takan ɗaura leda a hannu ta ɗaure da tsumma, kafin ta gama tuƙa duro na farko soda ta cinye ledar ta shiga aikin cin abin da ke ƙarƙashi. Yatsunta suka yi fari fat, suka tsattsage. Lungun ba taga, rufin kwano ne ya sauko har kusan kai, sai ta fara wani tari mai zurfi da in ya kama ta sai ta jingina da muciya. Mako na uku na ga ta daina cin abinci da hannu, ta koma cokali, ita da take cewa cokali na marasa lafiya ne. Mako na huɗu na ga ta kasa ɗaure ɗankwalinta, sai da haƙori take jan bakin ɗaya. Ranar na sauko daga kan turmin na yi kuka, na tausayi da na jin kunyar kaina.

Mutanen gidan kuwa kowa da amsarsa a aljihu. Matar Manaja, wadda ake kira Madam, ta ce mini ai aikin ne ke riƙe da Yaya, ranar da ta zauna ranar ciwo zai kama ta, su da suke barin ta tana yi taimakon ta suke yi. Ta faɗi haka tana shafa mai a hannunta. Babban ɗansu da ya karanta ilimin tattalin arziki, wanda yake zaune a gida shekara uku ana kiran sa Farfesa, ya yi mini bayani a tsanake cewa a ilmance ba a kiran abin da Gwaggo ke yi aiki, tunda ba a biyan ta. Na ce to a biya ta mana. Ya ce ai kuma in aka biya ta an ɓata zumunci. Shi kuwa Manaja, in aka taɓa maganar sai ya ɗaga ido sama ya lissafa ɗaki da abinci da maganin tari kwalba biyu, ya ce a zamanin nan wa ke riƙe 'yar'uwa shekara goma sha tara ko tsinke ba ta ɗagawa. Yana faɗa yana zaune a kan kwalin sabulunta.

Masu dubawa suka zo suka tarar da kwalaye har rufin zaure. Aka ɗauki Manaja hoto ya dafa su. Gwaggo an ce ta shiga ɗaki ta huta kada baƙi su gan ta da tsumma, wannan ne hutunta na farko a shekarar, na minti ashirin.

Sai aka buɗe wata biyu na gyara. Duk wanda aka tsallake ko aka rubuta shi ba daidai ba, ya zo ofis da ƙafarsa ya dangwala yatsa a na'ura, a sake yi masa tambayoyi shi da bakinsa. Na jira Madam ta fita unguwa na shiga lungun, na gaya wa Gwaggo komai, har da layi na bakwai da wanda ya buga shi. Na ɗauka za ta yi fushi. Sai ta ajiye muciya ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya sake ta, ta tambaye ni abu ɗaya, ko gaskiya ne rumfar tana da taga. Na ce biyu ma, da famfo a ciki. Ta ɗaga kai ta dubi rufin kwanon nan. Sannan ta ce ita ba ta son ta bakin titi, a bar wa Manaja, ko ta ƙarshe ce ta kusa da bola tana so, in dai iska na shiga kuma sunanta ne a ƙofa.

Muka ce asibiti za mu, muka tafi ofis. Mai ƙidayar nan shi aka zaunar a gaban na'urar. Gwaggo ta goge babban yatsanta a zani ta ɗora a kan gilashin. Na'ura ta yi ja. Ta sake, ta yi ja. Aka gwada na hagu, aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, aka hura musu iska, aka shafa musu mai. Mai ƙidaya ya kama hannun ya juya shi a haske ya ce Mama, ai ba zane a yatsun nan ko ɗaya, sumul suke. Soda ta share su. Ya ce ranar da Manaja ya zo rajistar rumfa kuwa, kafin ma ya gama ɗora yatsa na'urar ta yi kore, ba a taɓa ganin zane mai kyau irin nasa ba.

Na tambaya ko akwai wata hanya. Ya buɗe littafin ƙa'ida ya ce akwai, wanda na'ura ta ƙi yana iya kawo takardar shaida daga maigidansu. Na dube shi ya dube ni. Da muka miƙe ya ce, a matsayin shawara ba a matsayin hukuma ba, ya ji an ce in aka bar taɓa soda mako huɗu ko biyar fata tana dawowa da zanenta.

Gwaggo ta fara gwada takardar, don ta ce ba a yanke wa ɗan'uwa hukunci ba a tambaye shi ba. Da yamma ta same shi a tsakar gida yana shan iska, ni kuma ina kan turmina. Ta tsaya ta gaya masa buƙatarta a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe, ya ma sa aka kawo mata kujera, abin da ya sa na san ba zai bayar ba. Ya ce in ya rubuta cewa ita ke yin sabulu, ya ƙaryata kansa a gaban hukuma, za a hana shi rumfar gaba, a yi biyu babu. Ya ce rumfarsa ai rumfarta ce, ciki ɗaya suka fito. Ya ce mace mai shekarunta ta zauna a kasuwa ana kallo, mutane za su ce ya kasa riƙe ta. A ƙarshe ya ce ya san masu zuga ta, ya ɗaga murya yadda za ta tsallaka katanga.

"Na ji," in ji Gwaggo. "Abu ɗaya nake so ka tabbatar mini. Kai ka ce a rubuta ba na komai?"

"Yaya, maganar takarda ce kawai."

"To shi ke nan. Ni ba zan ƙaryata ƙanina a gaban hukuma ba."

Washegari ta fito da tabarma ta shimfiɗa a inuwar tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta ɗora hannuwanta a cinya. Hantsi ya yi, rana ta take, ba a ji muciya ba. Madam ta leƙo ta tambaya ko jikin ne. Gwaggo ta ce lafiya lau, zaman banzan da aka rubuta mata ne take yi, tunda ta ga an daɗe ana bin ta shi. Rana ta biyu Manaja ya yi lallashi, ta uku ya yi faɗa, ta huɗu ya aiko Farfesa ya yi mata bayanin illar tsayar da samarwa. Ta saurare shi da kyau, ta ce Allah ya ƙara ilimi, ga muciya can a lungu.

Na so in ce muku daga nan abin ya zama wasa, amma ba haka aka yi ba. Manaja yana da kwalayen da za su kai shi wata biyu, saboda haka bai matsu ba, yunwa ya tura ta yi masa aikin. Kwanon Gwaggo ya fara zuwa rabi. Daga baya ya riƙa zuwa a makare, daga baya Madam ta riƙa mantawa. Aka cire ƙwan fitilar ɗakinta aka ce ana buƙatar sa a zaure. Aka hana yaran gidan shiga wurinta. In baƙi suka zo, Madam takan nuna ta da baki ta ce ga Hajiyar hutu nan, mu ne bayinta. Ni nake miƙa mata kwano ta kan katanga in ido ya ɗauke, ita kuma ta karɓa tana tsokana ta, wai ashe gwamnati tana ciyar da marasa aiki. Ta rame, wuyanta ya fito. Amma tarin ya yi sauƙi, kuma kullum da safe sai ta ɗaga yatsunta a rana tana duba su. Ranar kwana na talatin ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa ta miƙo babban yatsanta ta kan katanga. Ga zanen nan ya fito, siriri, yana zagaye.

Saura kwana biyu a rufe gyara muka koma. Ta sa zaninta na fita. Ta ɗora yatsa sau ɗaya, na'ura ta yi kore. Har mai ƙidaya sai da ya tafa. Gwaggo ta dube ni tana murmushi, ni kuwa na riga na fara zaɓa mata fentin ƙofa a zuciyata.

Ya gyara zama ya fara tambayoyi. Shekaru, ta faɗa. Dangantaka da maigida, ta faɗa. Sannan ya karanto ta gaba da muryar wanda ya karanta ta sau dubu.

"A cikin kwana bakwai da suka wuce, kin yi wani aiki na sana'a, ko da na awa ɗaya ne?"

Shekara shida ina buga amsar tambayar nan a fom iri-iri, ban taɓa tsayawa na ji me take tambaya ba. Na taka ƙafar Gwaggo a ƙarƙashin tebur. Ta janye ƙafarta ta ce mini 'yar nan, kina taka ni. Sannan ta juya ta ce masa a'a, kwana talatin da biyar ke nan ba ta taɓa muciya ba, shi ma ya sani, shi ya ba ta shawarar.

Ya danna kafin in buɗe baki. Shafin sana'a, wanda a ciki ake rubuta sabulu da shekarun gwaninta da buƙatar rumfa, ba ya buɗewa sai ga wanda ya ce e. Na'urar ta tsallake shi ta yi mata godiya. Na ce ya koma baya, ya ce in an dangwala an amsa ba ta komawa, an yi haka ne don hana maguɗi. Na ruga wurin Darakta. Ya ce tambayar kwana bakwai ba shi ya ƙirƙiro ta ba, haka ake yin ta ko'ina a duniya, kuma da kunnena na ji matar ta ce ba ta yi aiki ba, to me nake so ya yi, ya sa ta yin ƙarya? Na dawo na tarar da Gwaggo tana gyara mayafi. Ta ce kada in damu, wannan karon dai da bakinta aka rubuta, kuma gaskiya aka rubuta.

Kwana uku bayan nan na ji muciya. Ba wanda ya lallashe ta, ciki ne. Ban hau turmi ba, ban so in gani.

Manaja ya samu rumfa ta ɗaya, ta bakin titi, mai taga biyu da famfo. Kuna tsammani ya kai duro can? Ina! In ya kai duro sai ya kai mai tuƙa shi, in ya kai ta kuwa kowa zai gani. Sai ya sa kujera mai juyawa da fanka, ya jera sabulu a kanta, famfon kuma yana wanke ƙafa da shi in zafi ya yi. Duro yana nan a lungu, ƙarƙashin kwano.

Bayan wata uku babban rahoto ya fito, mai bango mai sheƙi da zane-zane kala-kala. A shafin unguwarmu aka rubuta cewa cikin kowace mace goma, bakwai ba su da sana'a. Na san da yawa daga cikin bakwai ɗin. Akwai mai ɗinki, akwai mai wanki da guga, akwai mai kitso, duk mazansu sun amsa musu a ƙofar gida. Masana suka duba wannan adadi suka tausaya, suka ba da shawarar a koya wa matan nan sana'a don a raba su da zaman banza. Da yake kuma lissafi ya nuna unguwar ta sabulu ce, sai aka ce sabulu za a koya musu. Aka nemi wanda ya fi kowa kaya a unguwar ya zama malami. Ba sai na gaya muku wanda lissafi ya nuna ba.

Sunayen ɗalibai kwamfuta ce ta fitar da su daga cikin matan da suka dangwala yatsa aka tabbatar ba su da aiki. Ni na buga takardun gayyata. Ta farko a jerin, Gwaggo.

Manaja ya yi murna da haka, don ya riga ya tsara abinsa. Shi zai riƙe lasifika ya yi jawabi, in an zo wurin haɗawa sai ya ce wata ɗaliba ta fito ta gwada, ya kira Yaya, ta yi aikin yana gyara mata da baki. Har safar hannu ya saya mata, sabuwa fil, saboda masu ɗaukar hoto.

Ranar buɗewa aka kafa rumfar tamfol a gaban sababbin rumfunan. Mata arba'in a kan benci, Darakta da baƙinsa a kujerun gaba, ni a gefe da rajista. A tsakiya ga duro, ga bokitin ruwa, ga buhun soda, ga jarkar mai, ga muciya a jingine. Manaja ya yi jawabi na rabin awa a kan illar zaman banza ga mace, ya ba da labarin yadda ya fara da hannunsa daga duro ɗaya. Matan suna sauraro, wasu na rufe baki da mayafi, don rabinsu wurin Gwaggo suke zuwa tambayar awon soda. Da ya gama ya waiga kamar mai neman wani a cikin taro, ya ce bari a samu ɗaliba ɗaya ta fito, ke Mama ta layin gaba, bismillah.

Gwaggo ba ta motsa ba. Hannuwanta suna kan cinya, sun sake yin fari sun tsage, sabuwar safar tana ninke a gefenta. Ta ce cikin ladabi, yadda na baya ma za su ji, ita koyo ta zo, Malam ya fara nuna musu tukuna.

Darakta ya gyaɗa kai ya ce wannan gaskiya ne, malami shi ke farawa. Mai hoto ya matso. Manaja ya yi 'yar dariya, ya ajiye lasifika, ya naɗe hannun babbar riga. Ya ɗauki muciya ya ajiye. Ya ɗaga bokitin ruwa, ya dubi buhun soda, ya dubi jarkar mai, ya sake ajiye bokitin. Zufar da ta fi ta buga hatimi ta keto masa. Ya taka a hankali zuwa bakin benci kamar zai gyara wa ɗaliba zama, ya sunkuya, amma wurin ya yi tsit har ana jin kaɗawar tamfol, saboda haka kowa ya ji abin da ya raɗa.

"Yaya, don Allah. Soda ake fara zubawa ko ruwa?"

Gwaggo ta ɗago ta dube shi, irin kallon da babbar ya ke yi wa ƙanin da ta goya.

"Ina zan sani, Malam? Ni ba na komai. Kai ne a takarda."